Bayan Saƙa

A Łódź, a masaƙar da na ba shekara talatin da ɗaya,
yau sai da na yanki tikiti kafin a bar ni in shiga.
An kwashe injuna, an shafe bango da farin fenti.
Shirun ya kai ina jin ƙarar takalmina,
ni da na bar rabin jina a ɗakin nan.

Bara wata yarinya, Jagoda, ta roƙe mu
mu ba ta gardamar da muka tafka ta waya,
mu mazauna bene mai hawa biyar,
kan bishiyar tuffa ta tsakar gida:
a sare ko a bari.
Wata huɗu muna yi, kowa daga kan gadonsa.
Muka ce ɗauki, me za ki yi da shirme?

Ga shirmen nan a rataye,
daga rufi har ƙasa, ya kwanta ya ƙara kamu arba'in.
Kowa da launin zarensa.
Zdzisław mai mota kore ne, ya cika wuri,
kullum gilashinsa, kullum tuffa ta faɗo.
Halszka ta hawa na uku rawaya ce,
ba ta da ta cewa sai "haka ne,"
sau ɗari da sha biyu, wani yaro ya ƙirga.
Inda aka kwana biyu ba wanda ya tanka
an bar fari fat, faɗin tafin hannu.
Lokacin kai kyandir kaburbura ne.

Ni ja ce.
Na bi jan da ido kamar mai bin ɗigon jini
har na isa inda nake tsoro.
Daren Talata, ƙarfe ɗaya da kwata,
na ce wa Wiesław, wanda matarsa ta dasa bishiyar:
"Ita ta tafi, kai ma ka kusa, bar mu mu huta da shara."
Kafin gari ya waye na goge.
Na ɗauka iska ta kwashe,
ashe wayar Halszka ba ta mantuwa.
Ga haruffan, kowanne tsawon yatsana,
ulu mai kauri, asu ma sai ya shekara yana ci.

Amsarsa na ƙasa, shuɗiya, siririya:
"Mai da wuƙar, Bogumiła.
Ta bana da zaƙi, na ajiye miki a bakin ƙofa."
Na ga ledar da safe. Na tsallake ta.
A watan Maris aka binne shi, bishiyar ba ta ko yi fure ba.

An rubuta kada a taɓa.
Mai gadi na can yana latsa wayarsa.
Na zaga ta baya, don masaƙiya ba ta yarda da fuskar zane,
baya ke tona asirin hannu.
Can ba harafin da ke karantuwa,
sai ƙulli, sai zaren da ya yi tsalle,
ja ya haye shuɗi, shuɗi ya kurɗa ƙarƙashin ja,
an ɗaure su da irin ƙullin da na sani,
wanda in ka ja ɗaya, ɗayan ke tsukewa.
Yarinyar ta iya.
Ta ɗan yi garaje a gefe, amma ta iya.

Akwai ɗan almakashi a jakata, ba ya rabuwa da ni.
Na shafa shi. Na bar shi.
In na zare jan, shuɗin zai zube,
kuma abin da ya saura na muryar mutumin ke nan.

Wasu baƙi biyu suka tsaya gaban layina.
Macen ta karanta a hankali, ta dafe ƙirji,
ta ce, "Kai, wannan ba ta da imani."
Na ce, "Na san ta. Bene ɗaya muke."
Suka jira in ƙara, na gyara maɓallin kwat ɗina.
Taragon ƙarfe huɗu ba ya jiran kowa,
kuma tun Litinin tuffa ke zube a tsakar gida,
ba wanda ya tsince.